Kwalin da Ya Rage a Ɗakin Ajiya

Zuwa ga Yaya Balki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mai gidanki.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: tun ranar da aka kai ki ɗakinki nake kishinki. Ina ta yi wa 'yan biki murmushi, zuciyata kuwa tafasa take.

Ranar Asabar hayar ɗakin ajiyar nan ta ƙare, wanda Baba ya kama da muka koma ƙaramin gida a unguwar Highbridge bayan rasuwar Umma. Masu wurin sun ce in ba mu kwashe ba, gwanjon kayan za su yi. Da Baba ya ɗaga ƙofar ƙarfen, ƙamshin turaren Umma ne ya tarbe mu. Sai ya ce wai ya yi mantuwa a mota, ya daɗe bai dawo ba.

Can lungu na ga kwalin da kika ce a ba Anti Rabi ta kai miki garin Columbus, ragowar kayan ɗakinki da mota ba ta ɗauka ba. Kuloli masu ruwan zinare, kaskon turare, da zanin gadon da ko ledarsa ba a buɗe ba.

Kin tuna yadda Umma take tara miki su ɗaya-ɗaya daga shagunan unguwar Harlem? Ni ce mai riƙe leda a jirgin ƙasa. In na ce ina nawa, sai ta ja kumatuna ta ce, "Auta, ke sai kin ajiye littattafan soyayyar nan tukuna." Ban ajiye ba, ita kuma ba ta jira ba.

Yaya, gidanki kaf zaɓin Umma ne, har cokali. Ni fa? Ko a mafarkina, ango yana zuwa, amma ba na ganin mai jera min ɗaki.

Na san kwalin nan naki ne. Na san ko saurayi ban da shi, ban ma iya ɗaga ido in kalli namiji ba. Amma kwali ɗaya ne fa. Don Allah ki bar min.

Allah Ya jiƙan Umma, Ya haskaka kabarinta, Ya wanke min zuciyata, ke kuma Ya ƙara miki zaman lafiya.

Gobe Anti Rabi za ta taso. Na so in yaga takardar nan, amma ita zan damƙa mata. Kwalin yana gefen gadona sai na ji daga bakinki.

Ƙanwarki,
Hauwa Auta