Hoton Kan Malam a Hannun Karima

Kalakla, Khartoum.

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Hajiya Fadila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara da duk 'yan'uwa na Kano. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah Ya yaye miki. Mu nan alhamdu lillahi, tun da muka dawo gida bayan ƙurar yaƙi ta lafa muna ta lallaɓawa. Ruwan famfo yakan zo, wuta kuwa sai ta ga dama, amma gida gida ne.

Yaya, na san labari ya iso miki a gutsuttsure cewa an yi wa maigidana Malam aiki a kai. Ki kwantar da hankalinki, yana nan da ransa, ga shi can kan gado a tsakar gida yana shan shayi. Ranar wata Juma'a da hantsi ya hau tsani zai gyara kwanon rufin da iska ta ɗage, ƙafarsa ta zame, ya faɗo gefen kansa ya bugi bakin durom ɗin ruwa. Ya ɗan suma, muka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo yana dariya, wai shi da ya tsira daga ruwan bama-bamai ba tsani ne zai kai shi asibiti ba. Ko jini bai fito ba, ɗan kumburi ne kawai saman kunne. Maƙwabta suka yi masa barka, ni ma na saki jiki na koma kan tukunyata.

Allah da ikonSa, a ranar ne 'yarmu Karima ta zo mana daga Omdurman, inda take aikin ɗaukar hoto a asibiti. Tana shigowa ta tarar ya yi amai yana dafe da kai. Ta haska idanunsa da fitilar waya, na ga fuskarta ta canza. Ta ce mana irin wannan buguwa takan yaudari mutum: ya tashi garau, alhali jini na taruwa a ciki a hankali, kuma ido ba ya gani sai na'ura. Malam ya ƙi zuwa asibiti, ya ce masallaci zai tafi. Sai yarinyar nan ta durƙusa gabansa, ta ce tunda take ba ta taɓa musa masa ba, amma yau ba za ta tashi ba sai ya shiga mota. Kin san Malam da kafiya, amma ya dube ta ya miƙe.

Maƙwabcinmu Nasrullahi ne ya ɗauke mu. Kafin mu gama haye gada maganar Malam ta fara sarƙewa, barci na fizgarsa, Karima na riƙe da kansa tana kiran sunan Allah tana hana shi lumshe ido. Da muka isa asibitinsu, abokiyar aikinta Sulafa ta ce wa Karima ta bari ita ta ɗauki hoton, tunda mahaifinta ne. Karima ta ce a'a, ita za ta yi. Ta kwantar da shi cikin na'urar nan mai baki kamar ƙatuwar zobe, wadda ke nuna kai falle-falle kamar an yanka albasa. Ni kuwa ina leƙe ta gilashi. Sai ga wani farin abu a allon, kamar ɓarin goro, manne tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa. Jinin ke nan. Ta kira likitan tiyata, Dakta Almahdi, ya duba ya ce a shiga da shi yanzu. Daga baya ya shaida mini da mun kai magariba a gida, da wani zancen ake yi.

Bayan an gama aikin, sai da Malam ya buɗe ido ya tambaya ko an yi la'asar, sannan Karima ta fita baranda ta fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Na rungume ta. An ce haihuwa mai rana, ni dai na ga ranarta da idona. Yanzu duk wanda ya zo dubiya sai Malam ya ɗaga baƙin hoton nan a hasken rana ya nuna masa farin tabon, ya ce 'yarsa ce ta gano shi.

Ki gaida mini Yaya Muhammad Sani, da Muhyiddeen da amaryarsa Nabila, da A'isha Humaira da Hanan. Malam na gaishe ku da kyau. Karima ba ta san na rubuta wannan ba, don ta ce kar in yi ta yayatawa, aikinta ne kawai ta yi. Ni kuwa na ce miki ki tara dangi ki karanta musu da ƙarfi, kar ki tsallake ko layi ɗaya.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Lauratu.