Ambulan Ɗin Tebur na Huɗu

Teplice, 6 ga Satumba, 1909

Zuwa ga Yaya Zdenka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya ke da yaya Hynek da yara, kuma gashin burodi yana tafiya daidai.

Bayan gaisuwa, Yaya, na kashe kaina da hannuna. Kin san ƙa'idar wannan gasa ta darar ces, darar nan mai sarki da doki da hasumiya: wasa goma sha takwas ne, wanda ya ci sulusi, wato maki shida, an ba shi sunan gwani ke nan, za a riƙa gayyatarsa ko'ina. Wanda ya gaza kuwa ba mai sake aiko masa da takarda. Shekara goma ina bin wannan suna. Makina biyar, saura wasa ɗaya, da tsoho Lindauer na Vienna, wanda ya fara cin gasa tun ban iya ɗaura takalmi ba.

Jiya muka zauna a tebur na huɗu, awa shida ba a gama ba, aka ce a ɗage zuwa Jumma'a. In an ɗage wasa, wanda turi yake hannunsa, wato shi ne zai motsa ɗan dara, ba ya taɓa allo. Sai ya rubuta turinsa a ɓoye, a liƙe a ambulan, alƙalin gasa ya ajiye har ranar da za a ci gaba. Ni turi ya faɗo wa. Na duba allo, na ga sarkina a lungu, hasumiyarsa biyu sun tsare min ƙofa, kaina yana sarawa. Kunyar miƙa wuya gaban jama'a ta kama ni, sai na rubuta a takardar: "Na sallama." Na liƙe, na miƙa wa alƙalin, Dakta Pohl.

Yau da safe ina cikin aski, ko allo babu a gabana, sai na gani. Dokina! In na ba da shi kyauta, turi bakwai sarkin tsohon ya mutu. Na jera 'ya'yan dara sau ya fi ashirin, babu makawa. Wasa nawa ne, na kuwa rubuta faɗuwata da kaina. Ki gyara min ɗakin sama, ina nan tafe in koyi kwaɓa fulawa.

Ƙaninki mai baƙin jini,
Ctibor

Teplice, 7 ga Satumba

Yaya, ina gaisuwa, ki yi haƙuri da gaggawa.

Abu ya juya. Lindauer ya aika wa alƙali takarda cewa ya duba wasan, ya ga ba shi da mafita, ya sallama ba sai an sake zama ba. Dakta Pohl ya ce tunda wasa ya ƙare ba a buɗe ambulan, ran Jumma'a zai mayar min da abina a liƙe. An riga an rubuta shida gaban sunana. Mutanen da ko gaisuwata ba sa amsawa yau su ne masu kirana gwani, wani ɗan jarida har da saya min giya.

Ba wanda ya san abin da ke cikin takardar nan sai ni da ke. Ni na fara sallamawa, Yaya, da kwana biyu cur. In na faɗa, makin nasa ne. In na yi shiru, ai ban yi wa kowa ƙarya ba, ko? Ki gaya min gaskiya, amma a hankali.

Naki,
Ctibor

Tabor, 8 ga Satumba

Ctibor,

Muna lafiya, Hynek yana gaishe ka, ƙafarsa ta yi sauƙi. Wasiƙunka biyu tare suka iso, na karanta su a tsaye gaban tanda har burodi ya kusa ƙonewa.

Kai dai ba ka canzawa. Tun kana ƙarami kafin a ɗaga bulala ka riga ka fara kuka. Mutum ya yi awa shida yana faɗa, sannan ya faɗi ƙasa don ya ga inuwar sanda! Haushinka nake ji, wallahi.

Ka sani ni ba alƙaliya mai adalci ba ce a nan, domin na fi kowa son ka dawo gida ka bar yawon otel-otel da tari a ƙirji. To ka auna maganata da wannan. Amma na san ƙanina. In ka yi shiru za a kira ka gwani shekara talatin, kullum aka kira sai ka tuna ambulan ɗin nan. Ka ce ba ka yi wa kowa ƙarya ba. In haka ne me ya sa kake tambayata? Mai gaskiya ba ya aiko wasiƙa biyu a kwana biyu.

Ka je wurin tsohon, ba wurin alƙali ba, shi ne mai haƙƙi. Ɗakin sama a share yake ko ka zo ko ba ka zo ba. Kuma ka ci abinci.

Yayarka,
Zdenka

Teplice, 10 ga Satumba

Zuwa ga Yaya mai girma,

Gaisuwa irin ta wanda aka sauke wa dutse daga ka. Zauna ki ji.

Takardarki ta same ni jiya, na zage ki a zuci, sannan na sa hula na fita. Na tarar da Lindauer a lambu bayan wankan ruwan zafinsa, an naɗe masa gwiwa da bargo, yana shan ruwan maganin nan mai warin ƙwai. Na tsaya kamar ɓarawon kaza na zayyana masa komai. Bai ko ajiye kofi ba.

Ya ce ai ya sani. Wai shekara arba'in yana kallon mutane suna liƙe ambulan, turi harafi huɗu ne ko biyar, ni kuwa na yi ta jan alƙalami kamar mai rubuta wa budurwa, kunnuwana jawur. Na tambaye shi to me ya sa ya sallama, alhali da ya zo ya zauna kawai an ba shi wasa. Sai ya zaro ƙaramin allo daga aljihu, ya jera, ya turo min. Ya ce, "Nuna min, yaro."

Na ba da dokin. Ya cinye shi. Muka tafi turi bakwai, har sarkinsa ya rasa wurin zuwa.

Ya ce, "To. Tun kafin ka ɗauki alƙalami na ga dokin nan. Ni allo nake wasa da shi, ba tsoron yara ba. Ban taɓa cin wasan da allo ya hana ni ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Amma da ka kasa nuna min, da yanzu ina gaban Pohl ina neman takardata."

Duk da haka na nace muka je wurin alƙali tare. Dakta Pohl ya dafe kai, ya ce ya sha raba mutum biyu kowa na cewa shi ya ci, bai taɓa ganin biyu kowa na cewa shi ya faɗi ba. Ya duba littafin ƙa'ida, ya ce abin da ke cikin ambulan ba magana ba ne sai an buɗe, ambulan ɗin wasan da ya ƙare kuwa ba a buɗewa. Ya kore mu. Makina shida na nan, Yaya, kuma kowa ya san yadda aka yi. Na ci naman agwagwa faranti biyu.

Ƙaninki mai godiya,
Ctibor

Tabor, 12 ga Satumba

Gwani,

Muna gaisuwa, an gode Allah. Hynek ya karanta wa duk wanda ya shigo sayen burodi, har wanda bai tambaya ba.

Yanzu zan faɗa maka. Wasiƙar nan tawa, sau uku na kai ta bakin akwatin gidan waya ina dawo da hannuna. Da na sake ta kuwa na koma bayan buhunan fulawa na yi kuka, ina cewa na kashe wa yaron nan shekara goma da alƙalamina. Kwana uku ko gishiri ban iya aunawa ba.

Na ji daɗi, Ctibor, na ji daɗi ƙwarai. Amma kada ka ƙara tambayata irin wannan shawara, ba zan iya sau biyu ba.

Ka gaida min tsohon.

Yayarka,
Zdenka