Shekarar da Guguwar Cadawa Ta Ci Kofi

Cadawa, Nuwamba 1960

Zuwa ga abokina, kuma bawana, Sanda Bagobiri,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya Yamai, yaya aikin tashar mota? Mu nan lafiya lau. An gama girbi, kaka ta yi kyau, har Bagobiri ma in ya zo zai ƙoshi, in dai Bagobiri yana ƙoshi.

Ka tambaye ni abin da nake yi tun da aka sallame mu daga soja. Da dai babu, sai zaman jiran pansiyo. Yanzu kuwa na sami aiki, kuma kada ka yi dariya. Akwai wani Alhaji Na'Allah a nan garin, mai sayen gyaɗa, yana da manyan motocin kaya, kamiyo biyu. Ya je bikin 'yancin kai a Maradi, ya ga ana buga ƙwallo, ya ga manya zaune a inuwa ana tafi, ya dawo abin ya shiga ransa. Ya ce tunda ƙasa ta zama tamu, shi ma sai ya yi ekip, wato ƙungiyar ƙwallo, ta kansa, ba ta gwamnati ba, ba ta lakol ba, makarantar bokon nan. Ya raɗa mata suna Guguwar Cadawa. An gaya masa na tsare raga a bariki, shi ne ya ɗauke ni in koya wa samari.

Sharaɗinsa ɗaya ne ya ba ni wuya. Ya ce 'yan wasan Maradi ma'aikatan buro ne, wato ofis, da 'yan lakol, sai sun tashi aiki suke bugawa, don haka nasa ba za su yi wani aiki ba sai ƙwallo. Ci da sha da riga duk a kansa, ga albashi duk wata, amma babu noma, rani da damina. Kai ma ka san abin da wannan ke nufi a ƙauye, saurayi shi ne hannun ubansa a gandu. Alhaji ya ce ba komai, in damina ta faɗi zai ɗauki 'yan ƙodago ya tura gonar kowane uba, tun daga shuka har girbi. Iyaye kuwa ba su yarda da bakin ɗan kasuwa ba, sai ni aka tura. Na sa kakin soja har da lambar yabona, na bi zaure zaure ina durƙuso, ina cewa ni na tsaya.

Wanda ya fi ba ni nauyi shi ne Yaya Balarabe. Na sha ba ka labarinsa a bariki, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Tun da kurkunu ya ɓata masa ƙafar dama ba ya iya daɗewa a tsaye. Ɗansa namiji ɗaya ne, Chindo, kuma duk garin nan babu mai cafe ƙwallo kamarsa. Abokansa na tsokanarsa wai yatsa na shida da ke hannunsa ne asirin. Yaya yana murza igiya, ya tambaye ni ko ni da bakina nake cewa za a shuka masa gonarsa a kan kari. Na ce ni da bakina. Ya ce to in ɗauke shi, ai ɗana ne.

Mun share fili bayan kasuwa, ƙarangiya ta sha jininmu. An kafa itacen giginya, an saƙa raga da igiyar kaba. Alhaji ya sayo takalma daga Katsina, samari sun ce suna cije musu ƙafa, sun rataye su sai ranar sallah.

Ka gai da iyali. Ka rage cin bashin goro.

Ubangidanka,
Mumuni

Cadawa, Afrilu 1961

Sanda,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji a wasiƙarka an yi maka ƙaruwa, Allah ya raya, Allah ya sa ta biyo uwarta a hankali. Yaya zafin Yamai?

Ka ce Bakatsine ba ya iya komai sai surutu. To ka ji. Mun je Agiye mun ci, mun je Gazawa mun ci, a Gangara kuwa mutanen gari ne suka roƙe mu mu dakata haka. 'Yan'uwanka na Gidan Rumji sun zo da makaɗi da wani malami mai tofi a ƙwallo, sun koma ko guda ba su sa wa Chindo ba. Ranar kasuwa yanzu Fulani masu tallar nono har yamma suke kaiwa don su ga wasa. Ban ɓoye maka ba, tun da na dawo gida ban taɓa jin ina da amfani ba sai bana.

Wani kamfanin gyaɗa ya sa kofi a Maradi, za a yi kwana uku ana bugawa, wanda aka ci ya koma gida. Sun sa shi a farkon watan Yuni. Mutanen birni ne suka zaɓi lokacin, su da ba su duban gabas.

Yaya Balarabe ya kira ni shekaranjiya ya tuna mini maganarmu. Na ce ko mu yi binne tun yanzu, mu zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ya ce shi bai taɓa ciyar da ɓera da irinsa ba, ba kuwa zai fara da tsufansa ba. Na sake gaya masa ya kwantar da hankalinsa, Alhaji ya riga ya yi wa yaron shagonsa umarni ya nemo 'yan ƙodago ranar shuka.

Naka,
Mumuni

Cadawa, Yuli 1961

Abokina Sanda,

Ina gaishe ka, ina gai da iyali. Ina fatan jaririya tana lafiya. Ni jikina lafiya, sauran kuwa ga shi za ka ji.

Na ga wasiƙarka ta barka. Ashe labari ya kai har tashar Yamai. Gaskiya ne, mun ci kofi. Da ma ba mu ci ba.

Ranar Alhamis muka isa Maradi, aka sauke mu a gidan wani abokin cinikin Alhaji. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Direbobin da suka biyo ta Cadawa suka ce can ma ya fi ƙarfi, ruwan shuka ne sosai. Sanda, da ka ga samarin nan. Sun jeru a bakin zaure suna shaƙar ƙamshin ƙasa. Ba wanda ya taɓa kwana nesa da gonar ubansa a rana irin wannan. Chindo ya same ni gefe ya ce in ba shi izini ya bi mota ya koma, ya yi wa babansa ko yini ɗaya ne. Na hana shi. Na ce 'yan ƙodago suna can, kuma wallahi har zuciyata haka na ɗauka.

Asabar muka buga da 'yan kwaleji, muka ci. Da an ci mu, da yamma muna gida, da ƙasa tana da sauran laima. Lahadi muka buga da ma'aikatan buro, Chindo ya kama wata ƙwallo da har alƙalin wasa ya riƙe baki, muka sake ci. Ni kuwa ina ta tsalle da hula a hannu kamar yaro. Litinin muka ɗauki kofi.

Ga abin da ya faru a bayanmu. Yaron shagon Alhaji ya zaga gari kaf yana neman 'yan ƙodago, bai sami ko mutum ɗaya ba. Ina zai samu? Ranar shuka babu ɗan ƙodago a ƙasar nan. Wanda ya fi kowa talauci yana da 'yar gayaunarsa, kuma ita zai fara yi ko za a ba shi doki. Baƙin da suka zo cin rani tun da suka ga hadari ya fara yawo suka ɗaure kayansu. Ana ɗaukar mutum noma, ana ɗaukarsa girbi, ba a ɗaukarsa shuka. Kowace tsohuwa a Cadawa ta san wannan. Alhaji tun da ya kama sikeli bai sake taɓa sungumi ba, shi da sauƙi. Ni fa? A gidan noma aka haife ni. Na yi shekaru ina cin burodin Nasara a bariki har na manta, kuma ni na yi ta rantsuwa a zaurukan mutane.

Sauran iyaye suna da wasu 'ya'yan, sun lallaɓa. Yaya ba shi da kowa. An ce ya jira har hantsi yana duban hanya, da bai ga kowa ba ya ɗauki sungumi da kansa. Yana sara yana jan ƙafa, matarsa Habi na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Ka san jigawa, ba ta riƙe ruwa. Kafin maƙwabta su gama nasu su zo taimako, ƙasa ta bushe. Kusurwa ɗaya kawai suka shuka, wajen wani gawo da ke yammacin gonar.

Talata da hantsi muka shigo gari, direba na ta danna oda, samari sun ɗaga kofi. Mutane na gonakinsu a bakin hanya. Wasu sun ɗago kai, wasu ko haka ba su yi ba. Chindo bai jira kamiyo ta tsaya ba ya dira ya nufi gona da rigar wasa a jikinsa.

Daga nan ruwa ya ɗauke, kusan wata guda. Hatsin da aka shuka a ruwan fari ya riga ya kama ƙasa, ya jure. Sai makon jiya aka sami na biyu, Chindo ya shuka sauran gonar, na bi shi na taya. Yaya yana zaune a gindin gawo, bai ce in tafi ba, bai ce sannu ba.

Ka sa mu a addu'a damina ta yi tsawo.

Mumuni

Cadawa, Disamba 1961

Sanda,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, ban sami abin daɗi da zan rubuta ba.

Damina ba ta yi tsawo ba. Ruwa ya yanke da wuri, hatsin da muka shuka daga baya ya fid da kai amma bai yi ido ba, sai kara ga dabbobi. Abin da Yaya ya samu daga kusurwar nan ko gindin rumbu bai rufe ba.

Guguwa kuma ta mutu. Bayan girbi iyaye suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi ɗansa. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi jin sauƙi. Alhaji bai yi musu ba. Shi ma abin ya fita ransa, yanzu zancensa bai wuce gina gidan sama a Maradi ba. Kofin yana shagonsa ana zuba ƙusoshi a ciki. Shekara guda ke nan da 'yan kwanaki, ita ce duk rayuwar ekip ɗin.

Kada in ci amanarsa, Alhaji ya aika wa Yaya da buhun hatsi. Yaya ya mayar, ya ce shi manomi ne, ba a yi masa sadaka. Na kai nawa, shi ma ya dawo a kan jaki. In na gaishe shi yana amsawa, irin amsar da ake yi wa baƙon da ya tambayi hanya. Mutumin da ya goya ni zuwa kaciya ke nan.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Chindo. Tun kaka ba ya iya haɗa ido da ubansa, in an kawo tuwo sai ya ce ya ƙoshi. Ranar kasuwar da ta wuce ya bi wata kamiyo, bai sallami kowa ba sai uwarsa. Ya ce mata zai je Yamai, in bai sami aiki ba ya wuce kurmi. Kai kake tasha, kowa ta gabanka yake bi. Dogo ne, baƙi, da yatsa shida a hannun hagu. In ka gan shi ka riƙe mini shi.

Mumuni

Cadawa, Mayu 1962

Ɗan'uwana Sanda,

Ina gaishe ka da iyali, Allah ya saka maka da alheri a kan wahalar da kake sha. Na ji ka ce wani direba ya ga mai kama da shi yana dako a bakin kogi. Don Allah ka koma ka sake dubawa.

Nan bazara ta yi tsanani a gidan Yaya. Habi ta rame ƙwarai, ganye take dafawa da 'yar dusa. Da dabara nake ba ta abin da ya samu ta bayan danga, ban san ko Yaya ya sani ba. Ƙafarsa ta ƙara kumbura, da sanda yake zuwa masallaci. Hadari kuma ya fara leƙowa da yamma.

Yau da safe ina zaune ƙofar gida sai na gan shi tafe. Rabonsa da ƙofata tun bara. Na tashi na shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba. Ya ce ya ji ina da mutum a Yamai, in ɗauko takarda. Na ɗauko. Ga abin da ya ce a gaya wa Chindo, ban ƙara ba ban rage ba:

«Ka ce masa ni ban yi hushi da shi ba, ba shi ya yi mini alkawari ba. Ka ce masa iri yana nan, na ɗaure shi a rufin ɗaki, mun kwana da yunwa ni da uwarsa ba mu taɓa shi ba. Amma ni bana ba ni iya ɗaga sungumi. Ya zo kahin ruwa.»

Na ce masa Yaya, ni ina nan, ko Chindo bai zo ba ni zan shuka maka gonar nan tun daga gawo har bakin hanya. Ya dube ni, karo na farko a wata goma. Ya ce in rubuta abin da ya faɗa kawai, kada in sake yi masa alkawari. Ya juya ya tafi yana dogara sandarsa.

Ka nemo mini yaron nan, Sanda.

Naka har kullum,
Mumuni