Kukan da Na Gaya Miki

Zuwa ga Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya zaman Legas? Mu nan Tofa lafiya lau.

Ranar suna jaririna ya yi ta tsala kuka. Sai Gwaggo Talatu ta ce a gaban dangin mijina, wai tun a ciki ya koya, don na sha kuka da cikinsa. Ungozoma ta ce kowane jariri da kukansa yake faɗowa, ba mai koya masa. Amma an riga an zuba mini ido.

Yaya, ko Inna ba ta san na yi kukan nan ba. Ke kaɗai na gaya wa.

Ki sa shi a addu'a, ki gaida maigidan. Daga yau in kin kira, labarin gero kawai za ki ji daga bakina.

Ƙanwarki,
Ladi