Uban Hajara Bai Ɓace Ba, Yana Agege

Zuwa ga Mai Girma Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka baki ɗaya. Ya zafin rani? Allah ya kawo mana damina mai albarka.

Ranka ya daɗe, sunana Sabi'u, mutumin Kwarin Gawo, ƙauyen nan na bayan dutse inda mota ke tsayawa a bakin rafi a ƙarasa da ƙafa. Tela ne ni, amma ba na shago ba. Keken ɗinkina a kafaɗa yake, ina zaga layukan Agege a nan Legas ina kaɗa almakashi, mai yagaggen wando ya leƙo ya kira ni. Da an kai amfani rumbu nake tahowa, ruwan farko na sauka in koma gona. Haka yawancin magidantan garinmu suke yi tun zamanin iyayenmu.

Kafin in kawo kukana bari in yi godiya, kada a ce Sabi'u butulu ne. Lokacin da nake yaro, ƙarƙashin tsamiya muke karatu, malami ya zo yau, ya ɓace mako guda. A aji uku na gudu. Yanzu ga azuzuwa da rufin kwano, ga Malam Ƙasimu da ya tare a garin da iyalinsa, har gona muka ba shi. Ga kuma tallafin nan da gwamnati ke ba iyaye mata kowane zangon karatu, muddin yaro yana zuwa makaranta. Matata Balaraba da shi take sayen littattafan rubutu da takalmi da sabulu, kuma saboda shi ne 'yarmu Hajara ta daina ɗaukar tallar ƙuli-ƙuli ranar kasuwa. Kayan makarantarta kuwa ba na yarda wani tela ya taɓa, a nan nake sayen yadi in ɗinka da hannuna in aika.

Hajara tana aji biyar. Ita ke karanta wa kakarta yadda za ta sha magani, ita ke karanta wa uwarta saƙon da na tura ta waya, sannan ta kira ni ta ce Baba ba haka ake rubuta kalma kaza ba. Wallahi kunya nake ji, amma daɗin ya fi kunyar yawa. Wannan aikinku ne, Allah ya saka.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya. Bana an fito da sabuwar ƙa'ida, cewa sai uba ya zo da kansa ya dangwala yatsa kafin a sabunta sunan ɗansa a tallafin. Ban ga laifin ƙa'idar ba, na san akwai masu cusa sunayen yaran da ba a haifa ba. Amma sai aka sa ranar a tsakiyar rani, kuma kwana biyu kacal tsakanin shela da zuwan jami'ai. Haba, ranka ya daɗe! Wa ke Kwarin Gawo a tsakiyar rani? Liman, da maƙeri, da tsofaffin da ƙafa ta hana su fita. Mu muna Agege, wasu na Ajegunle suna dako, wasu na Mile 2 suna lodin mota. Ko da a ce ina jin labari na haye tirelar shanu mai komawa Arewa, da kafin in isa bakin rafi jami'an sun riga sun naɗe tabarmarsu. Kuɗin motar zuwa da dawowa kuma ya fi tallafin zangon gaba ɗaya.

Na biyu. Balaraba ba ta zauna ba. Ta je riƙe da hannun Hajara, da hoton katina na ɗan ƙasa, da mai unguwa a bayanta yana shaida. Jami'in mutumin kirki ne, har benci ya ba ta ta zauna, amma ya ce takardar ba ta da gurbin yatsan uwa. Nan ne kaina ya ɗaure. Kuɗin a hannun uwa kuke sa shi, kun amince mata da shi shekara da shekaru, sai yatsanta ne ba ku amince da shi ba? Aka ajiye sunan Hajara gefe, tare da na sauran 'ya'yan 'yan ci-rani.

Na uku, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. A gaban sunanta, inda ake rubuta dalili, an rubuta cewa ba a san inda uba yake ba. Aka liƙa takardar a bangon makaranta. Da a zamaninmu ne, da sai iska ta yage ta babu wanda ya san abin da ke ciki. Amma kun koya wa yaran nan karatu, kuma Hajara da kanta ta tsaya ta karanta.

Ta hau tudun bayan masallaci inda waya ke kamawa, ta kira ni. Ina zaune a ƙofar gidan wata Bayarbiya, Iya Bose, ina sa wa wandon makarantar ɗanta faci. Hajara ba ta yi kuka ba, yarinyar akwai taurin rai irin na uwarta. Tambayata kawai ta yi ko da gaske gwamnati ba ta san inda nake ba, kuma ko ta daina zuwa makaranta ke nan. Na ajiye wandon, na kasa zura zare a allura, har Iya Bose ta ce Malam lafiya kuwa. Na ce wa Hajara in ta kuskura ta yi fashin ko da yini ɗaya, ni da ita ne. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, ai na san 'yata.

A wannan zangon na toshe ramin rashin tallafin da abin da almakashi ya kawo, alhamdulillahi, kasuwa ba laifi. Ba zan yi maka ƙaryar yunwa ba. Amma ɗinkin tafi-da-gidanka yau akwai gobe babu, kuma ba na so ranar kasuwa ta sake ganin Hajara da faranti a ka.

Don haka ga roƙona. A mayar da tantancewar nan cikin damina, bayan shuka, lokacin da kowane magidanci yake gida. In jami'anku sun zo, ni zan tare su a bakin rafi in ɗauko musu jaka. In hakan ba zai yiwu ba, a buɗe gurbin yatsan uwa, mai unguwa ya zama shaida. Sannan a mayar da sunan Hajara da na sauran yaran tun kafin zango mai zuwa.

Na ƙarshe ba ya cin ko kwabo. A cire takardar nan daga bango, a liƙa wata a daidai wurin, ba can sama ba, daidai tsayin yarinya 'yar aji biyar. A gaban sunanta a rubuta: uba, Sabi'u tela, yana Agege, zai dawo shuka. Ba sai an aiko mini da amsa ba, ranka ya daɗe. Ita za ta hau tudu ta karanta mini.

Allah ya ja zamaninka, ya taya ka riƙon wannan amana, ya shirya maka zuriya, ya sa 'ya'yanka su karanta sunanka a inda za su yi alfahari.

Wassalam, ka huta lafiya.

Naka,
Sabi'u Tela, uban Hajara,
Agege, Legas.