Allura a Kan Ruwa

Dakoro, 3 ga Satumba 1957

Yaya Mutari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikin asibiti a Maradi.

Ka san jarrabawar fizik, ta kimiyya, ce ta kayar da ni a Yuni, saura zama na biyu a Oktoba. Tambayar da ke ba ni wuya ita ce ta fatar ruwa: yadda saman ruwa ke ɗamewa har ya ɗauki ƙarfe. Na gwada abin da mushe, malaminmu, ya nuna mana a lakwal, makarantarmu ta Yamai. Na shafa wa allura man shanu, na kwantar da ita a ƙwaryar ruwa, ta tsaya a sama.

Fadimata maƙwabciyarmu ta shigo aron taɓarya, ta gani. Ragonta ya ɓace tun ranar kasuwa. Ta bi inda tsinin allurar ya nuna, ta same shi a hanyar Azagor. Yanzu mata na ta sallama, wai in duba masu. Baba ya ce bai kai ni Yamai koyon duba ba, don haka ba zan koma ba. Yaya zan yi?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Azara

Maradi, 9 ga Satumba

Malama mai duba,

Ina gaisuwa. Hulata ma ta ɓace, a taimaka!

To, saurara. Kada ki tsaya yi wa Baba bayani, kin san bakinki rawa yake a gabansa. Ba shi allurar ya ɗora da hannunsa. Ga guntun sabulu a hannun Samba direba. In ta tsaya, ya ɗan taɓa ruwan da shi.

A gaida Inna.
Mutari

Dakoro, 15 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. Sabulu ya iso.

Jiya bayan la'asar na kai masa ƙwaryar. Allurar ta nutse masa, ya sake, ta nutse, sannan ta tsaya. Ya daɗe yana kallonta. Da ya taɓa ruwan da sabulun, ta sulale ƙasa.

Ya ce, "Wannan ne ya kayar da ke?"

Na ce i.

Ya ce, "Abin da sabulu ke karyawa? Koma ki gama da shi."

Zan biyo motar ranar Laraba ta Maradi, daga nan sai Yamai. Allah ya sada mu da alheri.

Azara