Hanyoyin Ingila a Kafen Akinola

Litinin, 9 ga Mayu, 2005

Saƙon Albert ya iso ta hannun wani abokin aikinsa na jami'a: faifai guda ɗaya cikin ambulan. Ya ce in fara gwaji da shi tun daga nan. Aikin da ya samo mini a Ingila ba ya yiwuwa sai da lasisin tuƙi, jarrabawarsu kuma akwai sashen hango haɗari. Wai kafin in zo a Satumba hannuna ya saba.

In zan zo ɗin. Shekara biyu ke nan mijina yana can yana digiri na uku, ni ina nan Samaru da 'yan matana na aji biyar, waɗanda na yi wa alkawarin sai na kai su ƙofar jarrabawar ƙarshe baɗi. Ban ce masa a'a ba. Ban kuma ce to ba.

Asabar, 14 ga Mayu

Ba mu da kwamfuta a gida, sai na kai faifan kafen intanet na Akinola a Sabon Gari. Abin kamar fim ne: kana kujerar direba, mota tana tafiya, in ka hangi haɗari ka danna maus. Na ce a raina, wannan ai aikina ne. Mota a fake, na danna. Bakin lungu, na danna. Tsohuwa da kare, yaro kan keke can nesa, har wata bishiya da ban yarda da ita ba. Sakamako ya fito: sifili. Wai dannawar ta yi yawa, na yi maguɗi.

Akinola ya yi dariya har da dafa tebur. "Malama, nan fa ba mahaɗar Kwangila ba ce. Babu akuyar da za ta fito."

Ni da nake jan Fijo ɗin Albert cikin garin nan, ko kaza ban taɓa takawa ba.

Laraba, 18 ga Mayu

Koren da ke cikin faifan nan ya ƙi barin idona. Ciyawa kamar an yi mata aski, jajayen gidaje a jere, hanya a jiƙe tana ƙyalli. Babu wanda ya tsaya gaisawa da wani. A aji na tsaya da alli a hannu ina kallon taga, har Naila, shugabar ajin, ta ce, "Malama, kin tafi ne?" Duk suka yi dariya. Ba su san komai ba tukuna.

Asabar, 21 ga Mayu

Yau kuma akasin haka. Na shagala da wata ƙofa shuɗiya mai tukunyar fure a gefe. Wace ce a ciki? Ta ɗora shayi? In ana ruwa, rufinsu yana ƙara irin na kwanonmu? Kafin in dawo, wata farar mota ta fito daga kwana ta tare hanya, ban ma gan ta ba. Ga shi idona kullum sai ya tafi gefen da ba shi ba, tunda su ta hagu suke bi.

Lahadi, 22 ga Mayu

Albert ya kira bayan sujada. Muryarsa tana isowa a makare, sai mu riƙa yin magana tare, mu yi shiru tare. Ya ce yanzu rana tana daɗewa ba ta faɗi ba, yana zama bakin taga shi kaɗai yana cin burodi. "Dina, har magana nake yi da tukunya." Na yi dariya, na juya zancen zuwa rufin kicin da ke yoyo.

Juma'a, 27 ga Mayu

Ruwa tun safe. Ban yi tunanin komai ba. Ƙarya nake yi.

Asabar, 4 ga Yuni

Sai yau na karanta bayanin da ke farkon faifan. Ni da kullum nake ce wa yara su karanta umarni kafin su ɗauki biro. Ashe abu biyu ne: akwai abin da zai iya zama haɗari, akwai wanda ya fara zama. Na farkon ido kawai ake sa masa. Sai taya ta karkata, ko ƙofa ta buɗe, ko ƙafa ta sauka kan kwalta, sannan a danna.

"Ki bari su yi laifin tukuna, Malama," in ji Akinola.

Da wuya. Yatsana har ƙaiƙayi yake yi. Sai da na danne shi da ɗaya hannun.

Talata, 7 ga Yuni

Kullum in an tashi, ni nake tsallakar da 'yan matana titin Sakkwato. Manyan 'yan mata, amma hannuna a sama, ina kiran sunaye kamar 'yan firamare. Yau shugabar makaranta ta tsayar da ni, na fito a makare ina sauri. Daga nesa na hango su a bakin titi. Na buɗe baki zan ƙwala kira, sai na rufe. Naila ta ɗaga hannu, suka jira wata tanka ta wuce, suka bar 'yan acaɓa biyu, suka duba nan da can, suka tsallaka suna hirarsu. Ko ɗaya ba ta waiwayo neman ni ba.

Na daɗe a gindin dalbejiya. Daɗi na ji. Ina tsammanin daɗi ne.

Laraba, 15 ga Yuni

Mafarki: hanyar ƙauyen Bomo ce, amma da jajayen gidajen nan, masara tana tsaye a bayansu har ta fi rufin tsawo. Ina tuƙi ta hagu, a hankali, gilashi a sauke. Babu abin da ya fito. Na yi ta jira wani abu ya fito, babu.

Asabar, 18 ga Yuni

Na ci. Maki ya wuce abin da ake nema, har da rara. Akinola ya miƙe ya sanar wa duk ɗaliban da ke kafen, "Malama ta ci, a ba ta hanya." Wasu har da tafi. Na ce masa gwaji ne kawai, ta gasken tana can.

"To sai ki je can ki ci ta gasken mana."

Na karɓi faifaina na fito. A bas ɗin Samaru ban gyara wa direba tuƙi ba ko sau ɗaya.

Litinin, 20 ga Yuni

Na tambayi shugaba yadda ake neman hutu ba albashi. Tambaya ce kawai, mutum ya kamata ya san irin waɗannan abubuwa. Ta cire tabarau ta dube ni, ni kuma na duba kalandar bango.

Da yamma Albert ya kira. Ban gaya masa na ci ba. Muna zancen damina, sai na ji bakina yana tambayarsa ko akwai sanyi sosai a Satumba. Katinsa na waya yana ta ƙarewa, ba wanda ya ajiye.